Kafin ka biya kuɗin jarrabawar farko

Ƙanina, na karanta saƙonka sau biyu. Ka ce saura wata huɗu ka gama shekarar sanin makamar aikin likita, abokanka duk sun duƙufa karatun PLAB, wato jarrabawar da likitocin ƙasashen waje ke rubutawa don samun lasisin aiki a Ingila, kai kuma kana tambaya: Malam, wace jarrabawa zan fara, kuma wace ƙasa ce ta fi sauƙin shiga? Zan faɗa maka abin da na sani, amma ka sauya tambayar ta biyu. Ka fara tambayar kanka irin likitan da kake son zama nan da shekara goma, domin wannan ne zai nuna maka ƙasar da ta dace da kai.

Dubi Amurka. Ko shekara nawa ka yi kana aiki, hanyar da aka saba bi ita ce ka sake horon ƙwarewa tun daga tushe. Za ka ci USMLE, jarrabawar lasisin likitanci ta Amurka, mataki na ɗaya da na biyu, ka karɓi shaidar ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a waje, sannan ka shiga sahun masu jiran rabon gurbin horo da ake yi kowane watan Maris. Horon likitan cututtukan ciki shekara 3 ne, na tiyata shekara 5. Tun Janairun 2022 aka daina bayar da maki a mataki na ɗaya, sai dai a ce ka ci ko ka faɗi, shi ya sa ido ya koma kan makin mataki na biyu. Jamus kuwa harshe ne shingenta: sai ka kai matakin B2 a Jamusancin yau da kullum, ka kuma ci jarrabawar Jamusancin asibiti a matakin C1. Saudiyya da maƙwabtanta sun fi son wanda ya riga ya ƙware. In ka je da digirin farko kawai, kana iya daɗewa a wuri ɗaya ba ka matsa ba.

Ingila na fi sani, tunda can na yi aiki. Hukumar rajistar likitoci, GMC, tana son shaidar Turanci tukuna: ko jarrabawar IELTS da jimillar maki 7.5 ba tare da ka gaza 7 a kowane ɓangare ba, ko OET, jarrabawar Turanci ta ma'aikatan lafiya, da sakamakon B a ɓangarori huɗun duka. Shekara 2 kacal sakamakon yake aiki, don haka kada ka yi gaggawar rubuta ta ka ajiye. Daga nan sai PLAB ta ɗaya, tambayoyi 180 cikin awa 3. Wannan ba na jin za ta ba ka wahala, na ga yadda kake karatu.

PLAB ta biyun ce nake so ka tsaya ka fahimta. A Mancesta ake yin ta, ɗakuna 16, kowane ɗaki minti 8. Za ka karanta 'yar takarda a bakin ƙofa, ka shiga, ka tarar da mutumin da aka horar ya yi kamar majinyaci, ga mai ba da maki yana sauraro. Na ga likitocin da suka fi ni sanin littafi sun faɗi a nan. Mace ta ce maka tana tsoron kada ciwon nan ya zama ciwon daji, domin shi ne ya kashe mahaifiyarta, kai kuma ka wuce kai tsaye zuwa tambayar ko tana amai. To ka zubar da makinka tun a nan, ko da ka gano cutar daidai. Ana auna yadda kake tattara bayani, da yadda kake tsara magani, da yadda kake mu'amala da mutum. Na ukun nan ba ya haddatuwa. Masu haddace jimloli suna zuba su kamar karatun allo, nan take ake gane su.

Kada ka ɗauka a ɗakin jarrabawa abin ya tsaya. A watannina na farko, wani dare, sakamakon hoton wani dattijo ya fito, ba mai daɗi ba. Ɗansa ya tare ni a bakin ɗakin kwanciya, fuskarsa duk damuwa, ni kuma cikin tausayi na fara yi masa bayani. Wata nas ta taɓa hannuna, ta ja ni gefe, ta tambaye ni a hankali ko na nemi izinin mai ciwon. Ban nema ba. Dattijon yana cikin hayyacinsa, labarin jikinsa nasa ne, shi ke da ikon cewa a faɗa wa wane, a ɓoye wa wane. Na koma na zauna a gefen gadonsa, na faɗa masa abin da na yi, na ba shi haƙuri. Har yau ina jin nauyin wannan daren. Haka kuma in majinyaci mai cikakken hankali ya ce ba ya son magani, ko kana ganin zai halaka, iyakarka ka yi masa bayani sosai, ka tabbatar ya fahimta, ka rubuta a fayil. Rubutun nan ka riƙe shi da kyau: lokaci, wanda ka kira, abin da ya ce maka, abin da ka yi. Ranar da aka zo bincike, abin da ke cikin fayil shi za a duba.

Sai maganar da abokanka ba sa son ji. Lasisi daban, aiki daban. A 'yan shekarun nan masu cin PLAB sun yi yawa, kuma da yawansu suna shafe watanni suna tura takardun neman aiki kafin a kira su. Wanda ya ajiye aikinsa tun da wuri, ya ci bashi, ya zauna jira, shi ne ya fi shan wuya, domin hannu yana mantuwa, kuma GMC za ta nemi bayanin abin da ka yi a shekaru 5 da suka wuce, har da lokutan da ba ka aiki. Ka ci gaba da duba marasa lafiya har ranar da takardar ɗaukar aiki ta shigo hannunka. In ka samu kuma, wataƙila ka koma ƙasa da matsayin da ka baro. Ni da nake shiga tiyata da kaina, sai ga ni ina ɗibar jini, ina neman izinin wanda na girme shi kafin in sauya magani. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba, amma a wannan shekarar na koyi yadda tsarin yake tafiya, kuma ba don ita ba da na yi ɓarna.

Wani abu da ba ka tambaya ba: ka yi magana da maiɗakinka tun yanzu, magana ta gaskiya. Kai za ka wuni a asibiti cikin mutane, ita ce za ta fara ɗanɗana kaɗaici.

A wata huɗun da suka rage maka, ka tabbatar shekarar nan ta cika wata 12, da aƙalla wata 3 a sashen cututtukan ciki da wata 3 a tiyata, domin haka GMC take nema kafin cikakkiyar rajista. Ka karɓi takardar kammalawa da sa hannu da hatimi tun kana nan, kafin waɗanda suka san ka su tashi. Ka duba ko makarantarka tana cikin kundin makarantun likitanci na duniya, ka fara tantance digirinka da wuri ta EPIC, tsarin ECFMG na tabbatar da sahihancin takardun likitoci, don yana cin lokaci. Takardar shaidar cewa ba ka da laifi a wurin hukumar likitocin ƙasarka kuwa ka bar ta sai ƙarshe, wata 3 kawai take aiki. In ka gama haɗa su, kawo mini mu duba tare, sannan mu zauna in yi maka majinyaci, ka duba ni cikin minti 8.