Tambayi Likita: Hutu A Jirgin Ruwa

Likita, ɗana da ke aiki a Sifaniya ya biya mana hutun mako guda a jirgin ruwa, za mu tashi daga tashar Basalona. Ni ko daga Kano zuwa Zariya a mota sai na yi amai. Yaya zan yi?

Hajiya, Allah Ya yi wa yaron albarka. Can cikin kunne akwai wani sashe mai ruwa-ruwa da ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa jiki na motsi, ido kuwa yana kallon bangon ɗaki yana cewa komai a tsaye yake. Saɓanin nan ne ke kawo jiri da tashin zuciya. Ki ce wa ɗanki ya nema miki ɗaki a tsakiyar jirgin, a benen ƙasa, inda tangaɗi ya fi sauƙi. Da zarar kin ji yawu ya fara tsinkewa, ajiye waya, fita sarari ki kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa. Shayin citta yana taimaka wa wasu. Ƙwayar Stugeron ana shan ta awa 2 kafin tafiya, ba bayan amai ya fara ba, kuma tana sa barci. Akwai kuma filastar da ake mannawa bayan kunne, tana aiki kwana 3, amma mai hawan jinin ido kada ya kusance ta.

Ina da ciwon suga, ina yi wa kaina allurar insulin. Me ya kamata in kiyaye?

Alhaji, wannan ce tambayar da ta fi damuna, kuma matsalar tun daga tasha take farawa. Ranar tashi mutum dubbai ke shiga jirgi ɗaya. Tun a bakin ƙofa ma'aikata za su karɓe manyan akwatuna, wataƙila sai yamma a ajiye maka naka a ƙofar ɗaki. Ga layin bincike, ga na duba fasfo, ga tsayuwa, lokacin abinci ya wuce. Don haka insulin ɗinka, da sirinji, da abin gwajin suga, da duk wata ƙwayar da kake sha, su zauna a ƙaramar jakar da ke rataye a kafaɗarka. Ka jefa dabino ko alewa a aljihu, saboda idan suga ya faɗi, gumi da karkarwa suka taso maka a kan layi. Kada ka bar insulin a rana, kada kuma ya daskare.

Ka ɗebi maganin da ya zarce kwanakin tafiyar, tare da wasiƙar likitanka mai sunayen magungunan. Akwai ƙaramin asibiti a jirgi, amma ba kyauta ba ne. Ka sayi inshorar da ta haɗa da kuɗin ɗauke maras lafiya daga teku zuwa asibitin tudu.

Cikina wata 5 ne. Zan iya zuwa?

'Yar'uwa, lissafa makonni da kyau. Yawancin kamfanonin ba sa ɗaukar wadda cikinta zai kai mako 24 kafin a gama tafiyar, domin ba su da kayan renon bakwaini. Shawarata ki ɗage sai bayan kin sauka lafiya.

An ce amai da gudawa na yaɗuwa a irin waɗannan jirage. Gaskiya ne?

Malam, yakan faru. Ƙwayar cutar norobairos ce yawanci, tana bin hannu: ludayin zuba abinci, ƙarfen matakala, maɓallin lifta. Man goge hannu mai sinadarin barasa bai cika kashe ta ba, sai sabulu da ruwa na daƙiƙa 20, musamman kafin cin abinci da bayan bayan gida. Ka tafi da ƙullin ORS, wato garin gishiri da suga da ake damawa a ruwa. Idan ta kama ka, ka sanar da asibitin jirgin ka zauna a ɗakinka, kana kurɓa kaɗan-kaɗan. Cikin kwana 1 zuwa 3 takan wuce. Tsoho ko ƙaramin yaron da fitsarinsa ya ragu, bakinsa ya bushe, a kai shi wurin likita nan take.