Amsa: Daga ina kiɗan jitar Abzinawa ya samo asali?

Malam, ka tambaya ko Abzinawa daga baƙaƙen Amurka suka kwaikwayo wannan kiɗan. A'a, tushensa na gida ne, gudun hijira ce ta haife shi.

A 1963 Abzinawan yankin Kidal suka yi tawaye, sojojin Mali suka murƙushe su, aka karkashe mutane da dabbobi. Ibrahim Ag Alhabib, jagoran ƙungiyar makaɗan jita ta Tinariwen, yana yaro aka kashe mahaifinsa a lokacin. Sai fari na 1973 ya cinye garke, samari suka watsu garin Tamanrasset na Aljeriya da Libiya neman abin yi. A can suka kama jita, wasu kuma suka shiga sansanonin soja na Gaddafi. Waƙoƙinsu na kewar gida da kiran jama'a su farka, a kaset ake kwafarsu hannu da hannu, kuma riƙe kaset ɗin na iya jawo wa mutum kamu. Da tawaye ya ɓarke a Mali da Nijar a 1990, makaɗin jita Abdallah Ag Oumbadougou ne muryar tawayen a Nijar.

In ka saurara da kyau, jitar tana bin tende ne, wato turmi da mata ke rufewa da fatar akuya su kaɗa. Babban yatsa na riƙe tsirkiya mai kauri a kan sauti ɗaya, sauran yatsu na yin waƙar, ga tafi da amshi. Mai koyo yakan ɓata kiɗan ne in ya yawaita sauya sauti ko ya yi sauri. A tafiyar raƙumi ake kaɗa shi.