Amsar Kawu kan al'adar wanke ƙafa

Ɗana, saƙonka ya iso, na gode. Barka da zaɓen da aka yi maka na shugaban matasa, Allah ya taya ka riƙo. Ka ce ranar Alhamis ɗin da ke gaban Ista ka ga fastonku ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun mutum goma sha biyu, alhali mutumin ko gaisuwar masu sharar coci ba ya amsawa da kyau. Kana tambaya ko al'adar ibada ce ko neman suna. Can ƙasa kuma ka sako abin da na ga shi ne ainihin damuwarka, wai kana tsoron in ka sauke kai yaran da kake shugabanta za su raina ka.

Wanke ƙafa ba a coci ya fara ba. Mutanen zamanin Littafi Mai Tsarki tafiyar ƙasa suke yi cikin ƙura da buɗaɗɗen takalmi, saboda haka baƙo na isowa sai a kawo masa ruwa. Haka Ibrahim ya yi wa baƙinsa uku a Farawa sura 18. A Luka sura 7 ma Yesu ya yi wa Siman Bafarisiye ƙorafi don bai ba shi ruwan wanke ƙafa ba. Amma fa ruwan kawai maigida ke bayarwa. Baƙo ya wanke da kansa, ko bawan gida ya wanke masa. Aikin na ƙasan ƙasa ne.

To, ka buɗe Yohanna sura 13, inda Yesu ya wanke ƙafafun almajiransa a wurin jibin ƙarshe, kada ka yi tsalle ka wuce aya ta 3. Kafin a ce ya tashi ya tuɓe mayafinsa, sai da aka gaya mana cewa Yesu ya san Uba ya danƙa kome a hannunsa, ya san inda ya fito da inda za shi. Da wannan sanin ya ɗauki tawul. Da ya gama kuma bai ce su daina girmama shi ba, cewa ya yi suna kiransa Malam da Ubangiji, kuma daidai ne, haka yake. Amsar tsoronka ke nan. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Shugaban da ba ya iya ɗaukar kujera ya jera, galibi bai yarda da matsayinsa ba ne, yana jin in ya sunkuya rawanin zai faɗi. A teburin nan kuwa, in ji Luka sura 22, almajiran gardama suke yi kan wane ne babba a cikinsu. Yahuza ma, almajirin da ya bashe shi, yana zaune, sai bayan wankin ya fita, ga shi Yesu ya riga ya san abin da ya ƙulla.

Ikilisiyoyi sun riƙe abin kowacce da salonta. 'Yan Adventist suna wanke wa juna kafin Jibin Ubangiji. Ikilisiyar 'Yan'uwa, wadda ta samo asali a Jamus a 1708, tana haɗa shi da bukin ƙauna, wato cin abinci tare na masu bi. A wajen Katolika, Paparoma Pius na 12 ne ya shigar da shi cikin sujadar yammacin wannan Alhamis a 1955. A 2013 Paparoma Francis ya je gidan yarin matasa a Roma ya wanke ƙafafun fursunoni, har da 'yan mata da Musulmi, a 2016 kuma aka gyara doka don mata su shiga cikin waɗanda ake wanke wa. Sarakunan Ingila ma sun daɗe suna yi, daga baya suka bar wankin suka koma rabon tsabar kuɗi. Halin ɗan Adam ke nan, miƙa hannu ya fi masa lanƙwasa gwiwa sauƙi.

Batun fastonku, ba zan kare shi ba, ba kuma zan yanke masa hukunci daga nesa ba. Gaskiyarka, wanke ƙafar da aka riga aka wanke daga gida, sau ɗaya a shekara, jama'a na kallo, ba wani abin wahala ba ne. Amma ni ban goyi bayan a bar al'adar ba, don kuwa ita ce ta ba ka ma'aunin da ka auna shi da shi.

Akwai ɓangaren da ni kaina ban gane ba sai da na tsufa, wato na almajiri Bitrus, wanda ya ce faufau Yesu ba zai wanke masa ƙafa ba. Da, ladabi nake ɗaukar wannan. Lokacin da aka yi mini aiki na kwanta makonni ba na iya sunkuyawa, mahaifiyarka, ƙanwata da na goya, ita ta zo da ruwan ɗumi za ta wanke mini ƙafa. Na hana ta, har da faɗa. Ta ce, "Yaya, kai kullum sai dai ka yi wa mutane, ba a yi maka?" Na yi shiru, don ta taɓa inda ke ciwo. Shekara da shekaru ina hidima, ashe rabinta don in zama wanda ake bukata ne, kada in zama mai bukata.

Saboda haka da yaran nan, in taro ya lalace, ka tsaya gaban dattawa ka ce laifinka ne, kada ka nuna sakatare. In ya yi kyau, ka ambaci sunayen waɗanda suka yi aikin. Wanda ya yi takara da kai ya faɗi, ka ba shi aiki mai daraja, ba don ka rufe masa baki ba. Mai laifi ka tsawata masa a keɓe, amma ka tsawata, domin barin ɓarna don a ce kana da kirki shi ma neman suna ne. In ƙaraminsu ya gyara maka kuskure, ka karɓa a gabansu. Wasu za su ɗauka lagonka suka samu, musamman a watannin farko, wannan kam ba zan ɓoye maka ba.

In ka sami dama ka je ka gai da faston, ka tambaye shi abin da yake ji in ya durƙusa, tambaya ta neman sani ba ta gatse ba, sa'an nan ka rubuto mini abin da ya ce. Ka gaishe mini da mahaifiyarka, ka ce mata ƙafar ta warke.