Amsa: Selenium ya ƙi buɗe Firefox a Ubuntu 22.04

Ɗan'uwa, ka ce tun da ka koma Ubuntu 22.04 Selenium, wato manhajar da ke sarrafa burauza don gwajin shafukan intanet, ya daina kama Firefox, sai ya tsaya cak, ko ya ce ya kasa loda furofayil (foldar saitunan Firefox). Ajiye geckodriver ɗin da ka sauko da kanka a gefe (shi ne ƙaramar manhajar da ke haɗa Selenium da Firefox), ka nuna wa Selenium wanda ya zo tare da burauzar, yana nan a /snap/bin/geckodriver. A wannan fitowa ta 2022, Firefox a cikin snap yake zuwa, wato wani irin ƙunshin manhaja da ke aiki a killace, da nasa /tmp (foldar fayilolin wucin gadi) daban. Geckodriver na waje yana ajiye furofayil a /tmp na kowa da kowa, Firefox ya leƙa nasa bai ga komai ba, sai su yi ta jiran juna har lokaci ya ƙare.

Na sha wannan a Agege, muna gwajin shafin wani mai sayar da atamfa. Taga ta buɗe fara fat, ba ko motsi, kwana biyu muna zargin intanet. Sharaɗi ɗaya nake so ka riƙe: in dole sai naka geckodriver ɗin, ka ba shi --profile-root, ka nuna masa folda a cikin /home naka, amma kada sunanta ya fara da ɗigo, don snap ba ya shiga ɓoyayyun folda na wurin. In kuwa kullum za ka riƙa gwaji, ni dai gara ka cire snap ɗin, ka saka Firefox na deb, wato ƙunshin da aka saba wanda ba a killace ba, daga rumbun Mozilla.