Kun Tambaya: Na Fito Daga Gidan Ban Ga Yarinyar Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a fannin aikin jin daɗin jama'a, ina shekara ta biyu, yanzu kuma ina zaman horo a wani ofishi mai kula da yara. Makon jiya aka aike ni wani gida saboda wata yarinya 'yar shekara 9 da ta daina zuwa makaranta. Matar da ke riƙonta ta karɓe ni hannu bibbiyu, ta yi ta bayani kusan awa guda. Da na ce ina son mu keɓe da yarinyar, sai ta ce, "Ai ba ta sakewa da baƙi, tambaye ni kawai." Anti, matar nan ta haife ni. Na yi shiru, na yi godiya, na fito. Da na rubuta abin a littafin waiwaye da ake sa mu cikawa, malamina ya dawo mini da shi da jan biro: "Wannan labari ne, ina nazarin?" Me ake so in rubuta? Ko dai ban dace da aikin nan ba ne, tunda kunya ta yi mini yawa? Daga ɗalibarki.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Kin dace. Wadda ba ta dace ba ita ce wadda za ta fito daga gidan nan ta yi barcinta har da minshari. Ke kuwa ga shi an kwana bakwai abin yana cin ki.

Amma malaminki yana da gaskiya, duk da dai da ni ce da na ƙara miki layi biyu na bayani. Na karanta irin littattafan nan ba iyaka a shekarun da na yi ina duba ɗalibai, kuma galibinsu kamar rahoton direba suke: na tashi ƙarfe kaza, na isa, an ce, na ce, na dawo. Mai karatu zai ga kowa a cikin labarin ban da mai rubutun.

Wani malami ɗan Amurka, Donald Schön, shi ya fito da maganar nazarin aiki fili a 1983. Ya ce ƙwararre yana nazari iri biyu: wanda yake yi yana tsakiyar aiki, da wanda yake yi bayan ya gama. Na farkon shi ne wanda ya kuɓuce miki a falon matar nan. Littafin da ake sa ku cikawa na biyun ne, kuma ba don a tara takardu ake yinsa ba, don ya gina na farkon ne. A 1988 wani malamin, Graham Gibbs, ya tsara matakai 6 na irin wannan nazari da makarantu da yawa ke bi: me ya faru, me kika ji a ranki, me ya yi kyau me ya ɓaci, me ya jawo hakan, me kuma da za ki iya yi, sannan me za ki yi nan gaba. Tsarin ba laifi, sai dai ɗalibai kan cike shi kamar fom ɗin banki. A gurbin "me kika ji" su rubuta "na ji ba daɗi", su wuce.

To ke kada ki wuce. Koma kan daƙiƙar da ta ce "tambaye ni kawai". Me ya tsaya miki a maƙogwaro? Tsoron kada ta ce ba ki da tarbiyya? Nauyin karɓar da ta yi miki? Ko wata murya ce ta ce miki ke ɗaliba ce kawai, wa ya ba ki iko? Kowanne daban ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba. Daga nan sai ki rubuta, kalma bayan kalma, jimlar da kika haɗiye. Ni a wurina littafin waiwayen da bai ƙare da jimlar da za a iya furtawa a ziyara ta gaba ba, an yi asarar tawada.

Zan gaya miki dalilin da ya sa na matsa. A watan Fabrairu na 2000 wata yarinya 'yar shekara 8, Victoria Climbié, wadda aka ɗauko daga Kwaddibuwa, ta rasu a Landan saboda azabar matar da ke riƙonta da saurayin matar. Kafin nan ma'aikatan jin daɗin jama'a sun san da ita, 'yan sanda sun san da ita, an kwantar da ita a asibiti. An fi sauraron babbar fiye da yarinyar. Rahoton binciken da Lord Laming ya jagoranta ya fito a 2003 da shawarwari 108, ya kuma bar mana wata kalma da har yau ake koyarwa: shakka cikin girmamawa. Wato ki saurari mutum da mutunci, amma kada ki ɗauki abin da ya faɗa a matsayin abin da idonki ya gani. Ban ce matar da kika ziyarta muguwa ce ba. Ƙila gaskiyarta ce, yarinyar ba ta sakewa da baƙi. Ba ki sani ba, ni ma ban sani ba, kuma don a sani aka aike ki.

Yanzu ga jimlar. Akwai wani tsari mai gaɓa 4 da Sharon Bower da Gordon Bower suka fitar a 1976: ki faɗi abin da ke akwai, ki faɗi matsayinki, ki faɗi takamaiman abin da kike so, ki faɗi abin da zai biyo baya. A bakinki zai iya zama haka: "Mama, na gode da bayanin nan, na fahimci abubuwa da yawa. Sai dai ba zan iya rufe ziyarar ba sai na ji daga bakinta. Minti goma nake nema, a inda kina hango mu. Da mun gama zan gaya miki matakin da ofis zai ɗauka." Dubi da kyau. Akwai "Mama", akwai godiya, babu zargi ko ɗaya. Abin da aka cire kawai shi ne "ko zai yiwu" da "in ba damuwa", waɗanda ke buɗe wa mutum ƙofar cewa a'a.

In ta sake kaucewa fa? Ki maimaita, da murya ɗaya, ba ƙari ba ragi. Masu koyar da wannan fanni suna kiran dabarar da faifan garmaho da ya maƙale. "Na ji, Mama. Minti goma nake nema da ita." Kada ki shiga musu kan ko yarinyar tana da kunya ko ba ta da ita, nan ne za a kayar da ke. In ta ƙi ƙememe, ba kokawa za ki yi ba. Ki ce za ki rubuta cewa kin nemi ganin yarinyar ba a ba ki dama ba, ki kuma rubuta ɗin.

Ki samu abokiyar karatu ta zama matar, ki faɗi jimlar da baki sau biyar, shida, har ta daina yi miki nauyi. Karon farko da na yi irin wannan gwaji muryata rawa take kamar mazari, kuma a gaban ƙawata ce fa.

Abu mafi gaggawa: gobe da safe ki sami mai duba aikinki a ofis, ki gaya masa ba ki ga yarinyar ba, ki nemi a koma, in so samu ne tare da shi. Kada ki jira ranar miƙa littafi. A littafin kuma kada ki sa sunan yarinyar ko na matar ko unguwarsu.

TAMBAYA: Malama, ni matsalata akasin ta sauran ce. Mai duba aikina ta ce ina yi wa mutane tsawa. Ni kuwa gaskiya nake faɗa, kuma an ce mana mu riƙa tsayawa kan maganarmu. Ina laifina? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Ɗana, tsayawa kan magana daban, tsayawa kan mutum daban. Ɗauki takarda ka rubuta jimloli uku na ƙarshe da ka faɗa wa wanda ya zo neman taimako, yadda suka fito daga bakinka, ba yadda kake so a ce sun fito ba. Ƙirga nawa ne suka fara da "kai" ko "ke": kai ba ka ji, ke kika jawo. Thomas Gordon, masanin halayyar ɗan Adam, ya daɗe da nuna cewa jimlar da ta fara da zargi kariyar kai take haifarwa, mai sauraro ya koma neman amsa maimakon fahimta. Juya su su fara da abin da ka gani da abin da kake buƙata: "Sau biyu ke nan ba mu haɗu a ranar da muka sa ba, ina so mu tsayar da wadda za ta yiwu." Sannan ka duba minti nawa ka yi kana magana, minti nawa shi ya yi. Kai wa mai duba aikinka takardar, ka tambaye ta wacce ce daga cikin ukun ta ji a matsayin tsawa.