Tambaya da Amsa: Wa ke da ikon hana motar agaji wucewa?

Tambaya: Salam Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Shinkafi. Mun sha ji a rediyo wai a Sudan an hana abinci shiga garin El Fasher yara suka yi ta mutuwa, to wai babu doka ne a duniya da ta hana haka? In ma akwai, ta shafe mu nan da 'yan bindiga ke tare mana hanya?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari. Doka kam akwai ta. Yarjejeniyoyin Geneva guda 4 na 1949 suna da sashe na 3 da ya shafi yaƙin basasa, ya ce ƙungiyar da ba ta goyon bayan kowane ɓangare, irin su Red Cross, tana iya miƙa tayin taimako. A 1977 aka yi ƙari, sashe na 14 ya haramta horar da fararen hula da yunwa, na 18 kuma ya ce a kai musu abinci da magani in suna cikin tsananin buƙata, amma fa da yardar gwamnatin ƙasar. To nan gizo ke saƙar, don a yaƙin basasa ita gwamnatin ai da ita ake faɗan, kin ga an ba kura ajiyar nama kenan.

Masana dai sun ce ba ta da damar ƙi haka kawai don ta ga dama. Soja na iya tsayar da mota su bincika ko an ɓoye makami, su ce ga hanyar da za a bi ga lokaci, wannan hakkinsu ne, amma a tsare buhunan hatsi wata da watanni mutane na mutuwa, wannan laifi ne ko gwamnati ta yi ko 'yan tawaye. A 2019 ma aka saka shi cikin laifukan yaƙi na kotun hukunta manyan laifuka ta duniya da ke Hague.

Aiki da dokar ne wuya. A Siriya sai da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2165 a 2014 aka riƙa shigar da kaya ta iyaka ba tare da izinin gwamnatin Siriya ba, a 2023 Rasha ta hau kujerar na-ƙi abin ya tsaya. Mu ma mun ɗana lokacin Biyafara, a 1969 har jirgin Red Cross aka harbo, kuma likitocin Faransa da suka yi aiki can suna cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar likitocin agaji ta MSF a 1971, wadda kin san aikinta a Zamfara tun matsalar gubar dalma ta 2010.

Batun namu kuwa yana da sarƙaƙiya. Kafin dokar yaƙi ta hau, sai in masu ɗauke da makamin suna da shugabanci da tsari kuma faɗan ya yi tsanani. Gwamnati ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a farkon 2022, amma lauyoyi na ta gardama ko dabobin nan barkatai sun cika sharaɗin. A ganina wasunsu sun cika, wanda ke sa wa ƙauyuka haraji ya hana noma ai ya wuce ɓarawon shanu. In ma an ce ba su cika ba, tare motar magani fashi ne a dokar Najeriya, kuma buɗe hanyar Shinkafi zuwa Ƙauran Namoda nauyi ne a wuyan gwamnati.