Cin Nama a Gaban Surukai: Amsa Daga Amurka

Yaya, ka tambaye ni yadda aka yi har nake zama ina cin nama a gaban surukaina, alhali an tarbiyyantar da mu a kan cewa mutum ko ruwa ba ya sha a gabansu. Tambayarka tana kan hanya, domin kusan duk Bahaushen da ya yi aure a cikin baƙaƙen fatar Amurka sai da ya yi fama da ita kafin ya sami matsaya.

Inda muke wannan cin nama shi ne taron gashin nama na dangi, wanda ake yi a lokacin zafi, a harabar gida ko a filin shaƙatawa na unguwa, kuma yawanci a ranakun hutu: Litinin ta ƙarshe a watan Mayu da ake tunawa da sojojin da suka mutu a fagen yaƙi, da 19 ga Yuni, ranar da aka sanar da bayin jihar Texas 'yancinsu a 1865, da 4 ga Yuli ta samun 'yancin ƙasa, sai Litinin ta farko a Satumba, ranar ma'aikata. Nauyinsa a wurinsu ya wuce na cin abinci. Tsakanin 1910 da 1970, baƙaƙen fata kimanin miliyan 6 sun baro jihohin kudu irin su Misisifi da Alabama da Jojiya zuwa biranen arewa da yamma, suna neman aiki suna kuma gudun wariyar launin fata, sai dangi suka warwatsu. Tsohuwar da ta haura tamanin, wadda take zaune ita kaɗai ko a gidan kula da tsofaffi, mai yiwuwa a wannan yini ne kawai za ta ga 'ya'yanta da jikokinta da tattaɓa-kunnenta a wuri guda.

To, ka ga mutumin da ya zo irin wannan taro ya raɓe a gefe, ya sunkuyar da kai, aka miƙo masa abinci ya ce ya ƙoshi, a Kano za a ce ɗan mutunci ne mai kunya, amma a nan fassarar da za a yi masa ita ce yana ƙyamar abincinsu ko yana ganin ya fi su. Uwar matarka da ta kwana tana haɗa abinci tana lura da wanda ya ci da wanda ya ƙara, kuma idan kana kawar da ido yayin da mahaifin matarka yake yi maka magana, zai ɗauka akwai abin da kake ɓoyewa. Saboda haka muke ci, muna kallon fuskarsu idan suna magana. Abin da ba mu saki ba shi ne suna: ko da suruki ya ce a kira shi da sunansa, yawancinmu Baba da Mama muke cewa, mu gaisa da hannu biyu tare da ɗan rusunawa. Tsofaffin da suka taso a kudu suna jin daɗin hakan ƙwarai, don su ma ba a bar su sun kira babba da sunansa kai tsaye ba.

Na san abin da ya fi damunka shi ne halaccin abincin, kuma da gaskiyarka, domin haƙarƙarin alade yana cikin manyan abin da ake gasawa. Muna sayen namanmu a wurin mahauta Musulmi, mu tafi da ƙaramin murhun gashi namu, mu ajiye shi nesa kaɗan da babban. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne ganye da wake, waɗanda mutum zai zaci babu komai a cikinsu, alhali al'adar girkin kudu ita ce a dafa su da ƙyafaffen naman alade. Wannan magana tun kafin ranar ake yin ta cikin ladabi ta bakin matarka, ba a tsakiyar taro ba, kuma iyalai da yawa sukan ware tukunya guda da ba a sa shi ba. Idan sun riƙe hannu za su yi addu'arsu kafin cin abinci, mukan tsaya shiru, mu yi bisimilla a zuci. La'asar kuwa a kusurwar fili ake shimfiɗa darduma a yi ta, kuma ban taɓa ganin wanda ya ɗaga gira ba.

Wajen tsofaffi ne tarbiyyar gida take yi mana rana. Kafin kowa ya ɗebi abinci ana zuba musu nasu, wannan kuma dokarsu ce tun kafin mu zo. Namu shi ne mu ja kujerunsu zuwa inuwa idan rana ta juya, mu yayyanka nama ƙanana ga wanda haƙora suka ƙare masa, mu tuna wane ne mai hawan jini da ba a cika masa gishiri, wace ce mai ciwon suga da za a kai wa ruwa maimakon lemo. Akwai wani ƙanen kakar matata da mantuwa ta kama, wanda yakan riƙe hannuna ya tambaye ni daga ina nake, in ce Najeriya, ya jinjina kai ya ce da nisa, can an jima ya sake tambaya. Amsar ɗaya nake ba shi kowane karo, da murya ɗaya. Idan kuma ya dawo hayyacinsa yakan ba da labarin ƙuruciyarsa kafin dokar 1964 da ta haramta wariyar launin fata, lokacin da famfon shan ruwa ma an raba na farare da na baƙaƙe, da dalla-dallar da ba ya iya yi game da abin da ya ci da safe. Kada ka ɗauka 'ya'yansu sun yar da su ne. Da yawa suna aiki biyu, suna zaune a wata jiha, kuma tsofaffin da kansu sukan ƙi komawa gidan 'ya'yansu don ba sa son a ce sun zama kaya.

Abin da har yanzu bakinmu bai zo ɗaya a kansa ba shi ne abin da ke biyo bayan cin abinci, wato kiɗa da rawa, maza da mata a haɗe, da giyar da wasu ke sha. Wasu daga cikinmu suna zama a gefen tsofaffi har a tashi, wasu kuma ba sa yarda 'ya'yansu su kai wannan lokaci. Ni na zaɓi in zama direban tsofaffi, tunda da ma sukan gaji kafin magariba, wadda a watan Yuli sai bayan ƙarfe 8 take yi a Shikago. Sai a lulluɓe wa kowannensu faranti guda na abincin gobe, in naɗe keken guragu in sa a bayan mota, in kai kowa ƙofarsa, mu da yara mu wuce masallaci.